Michael Gove: Daga Ɗakin Labarai Zuwa Kujerar Minista, Sannan Ya Koma Ɗakin Labarai

A watan Oktoban 2024 Michael Gove ya kama aikin editan mujallar The Spectator a Landan, wata uku kacal da saukarsa daga kujerar minista. Da watan Afrilun 2025 ya kama, sunansa ya fito cikin jerin mutanen da tsohon firaminista Rishi Sunak ya bai wa kujerar tsawon rai a majalisar Lords. Ke nan mutum guda ne ke zaɓar abin da mujallar da 'yan jam'iyyar Conservative suka fi karantawa za ta buga, shi ne kuma ke kaɗa ƙuri'a a kan dokokin ƙasa, ga shekaru sama da goma na sanin sirrin gwamnati a kansa. Wanda ya saba da tsarin Najeriya ko na Nijar dole ya tambaya: doka ta yarda da haka? Ta yarda. Yadda aka yi ta yarda, da abin da hakan ke jawowa, sai an bi tarihin mutumin da na tsarin da ya rene shi.

## Tsarin da ya buɗe ƙofar

A Najeriya shugaban ƙasa ne ke zaɓo minista daga duk inda ya ga dama, majalisar dattawa ta tantance shi, idan kuma ɗan majalisa ne sai ya bar kujerarsa. A Birtaniya akasin haka ne. Bisa al'ada ba a naɗa minista sai daga cikin 'yan majalisa, ko dai ta wakilai mai kujeru 650 da ake zaɓa, ko ta Lords wadda ba a zaɓen 'ya'yanta. Babban ministan da ke riƙe da ma'aikata sakatare ake ce masa, don haka idan an ji “sakataren ilimi na Birtaniya” a rediyo, cikakken minista ake nufi.

Ɗan majalisar da ba minista ba yana iya yin wata sana'ar a gefe, muddin ya rubuta abin da ake biyansa a kundin da majalisa ke wallafawa. Minista ne kaɗai aka hana. Su kuwa 'yan majalisar Lords ba su da albashi, alawus ɗin zama kawai suke karɓa, kuma yawancinsu suna da ayyukansu. Ikonsu bai wuce gyara ƙudiri da jinkirta shi na kimanin shekara guda ba.

Sai batun jaridun. Gidajen rediyo da talabijin na Birtaniya doka ta ɗora musu rashin ɗaukar ɓangare, hukumar Ofcom na sa ido. Jaridu da mujallu ba su da wannan takunkumi. Kowace tana da jam'iyyar da take yi wa sha'awa, kuma dab da zaɓe takan fito fili ta ce ga wanda za a zaɓa. Shi ya sa tsallakawa daga jarida zuwa siyasa ba abin kunya ba ne a can. Ita kanta The Spectator, da aka kafa a 1828, Iain Macleod da Nigel Lawson da Boris Johnson duk sun yi mata edita, dukansu kuma sun riƙe manyan muƙamai a gwamnatocin Conservative.

## Ɗan riƙo daga Aberdeen

An haifi Gove a Aberdeen ranar 26 ga Agustan 1967. Yana ɗan wata huɗu wasu ma'aurata a Aberdeen, birnin masunta da ma'aikatan mai a arewa maso gabashin Scotland, suka ɗauke shi riƙo. Uban riƙonsa yana da ƙaramin kamfanin gyaran kifi. Ya karanta adabin Ingilishi a Jami'ar Oxford, ya shugabanci ƙungiyar muhawarar jami'ar, sannan ya koma gida ya fara koyon aiki a jaridar Press and Journal. A 1989 yana cikin 'yan jaridar da suka shiga yajin aiki a can, abin da ƙungiyoyin ƙwadago suka riƙa tuna masa daga baya.

Bayan ya taɓa aikin talabijin da BBC, ya shiga jaridar The Times a 1996 a matsayin marubucin sharhin edita. Wannan aiki shi ne mabuɗin fahimtar salonsa. Marubucin sharhin edita ba ya zuwa farautar labari. Da safe a ba shi batu, wataƙila wanda jiya bai san komai a kansa ba, kafin yamma ya karance shi, ya tsayar da matsaya guda, ya rubuta ta a taƙaice da kalmomin da za su zauna a kan mai karatu. Washegari kuma wani batun daban. Ya kai matsayin mataimakin edita, ya kuma shugabanci cibiyar nazarin manufofi ta Policy Exchange da aka kafa a 2002. A 2005 ya ci kujerar mazaɓar Surrey Heath a jam'iyyar Conservative, yana cikin na kusa da David Cameron, wanda daga baya ya zama firaminista.

Ra'ayin riƙau a Birtaniya, wato aƙidar jam'iyyar Conservative, an san shi da rage haraji, barin kasuwa ta yi halinta, da taka-tsantsan wajen taɓa abin da aka gada. Gove ya yarda da biyun farko, amma ba mai taka-tsantsan ba ne. Duk ma'aikatar da aka ba shi, rusawa da sake gini yake shiga yi.

## Makarantu: inda ya fi barin tabo

Daga Mayun 2010 zuwa Yulin 2014 shi ne ministan ilimi. Ikonsa a Ingila kaɗai yake, domin Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowace da tsarin iliminta.

Babban abin da ya yi shi ne zare makarantu daga hannun ƙananan hukumomi. Gwamnatin Tony Blair ce ta ƙirƙiro makarantun da ake kira academy, don ceto makarantun da suka durƙushe. Irin wannan makaranta ta gwamnati ce, ba a biyan kuɗi, amma kuɗinta daga gwamnatin tsakiya yake zuwa kai-tsaye bisa yarjejeniya, wata ƙungiyar amintattu ce ke tafiyar da ita, tana da 'yancin tsara albashin malamai, ba a kuma tilasta mata bin manhajar ƙasa. Da Gove ya zo sun kai 203. Dokar da ya tura majalisa cikin 'yan makonni ta buɗe wa kowace makaranta ƙofar sauyawa, kafin ya bar ma'aikatar sun doshi 4,000. A yau kusan kashi 80 cikin 100 na sakandaren gwamnati a Ingila irin waɗannan ne. Ya kuma ba iyaye da malamai da ƙungiyoyin addini damar buɗe sabbin makarantu da kuɗin gwamnati; 24 na farko sun buɗe a Satumbar 2011.

Matsalar tsarin a fili take. Doka ta bar wa ƙaramar hukuma alhakin samar wa kowane yaro gurbi, amma ta ƙwace mata ikon umartar academy ta ƙara aji. Ita ma ma'aikatar da ke Landan ta wayi gari da dubban makarantu a wuyanta ba ta da idon da za ta sa musu, har sai da aka naɗa kwamishinoni takwas na shiyya-shiyya a 2014.

A cikin aji ma ya sa hannu. Tun 2012 kowane yaro ɗan kimanin shekara shida yakan zauna shi kaɗai da malaminsa a nuna masa kalmomi 40 ya karanta. Rabinsu kalmomin ƙarya ne, an zana wata 'yar dodanniya kusa da kowace don yaron ya gane suna ne kawai aka ƙaga. Manufar ita ce a tabbatar yana haɗa baƙi da wasali ne, ba haddace siffar kalma ya yi ba. Makin wucewa 32. A shekarar farko kashi 58 cikin 100 suka wuce, zuwa 2019 sun kai 82. Jarrabawar GCSE ta 'yan shekara 16 kuwa ya rage mata aikin da ake yi a gida, ya mayar da nauyin kan jarrabawar ƙarshe, ya sauya maki daga haruffa zuwa lambobi 9 zuwa 1.

Magoya bayansa na nuna sakamakon gwajin karatu na duniya na PIRLS na 2021, inda Ingila ta zo ta huɗu cikin ƙasashe 43. Masu suka na cewa a duba da kyau: makinta bai tashi ba, daga 559 ya koma 558, sauran ƙasashe ne suka zame bayan korona. Suna ƙarawa da raguwar ɗaliban da ke ɗaukar zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, da kuma yadda kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin malamai ke barin aikin cikin shekara biyar. Kowane ɓangare na da hujjarsa, sai dai abin lura shi ne gwamnatocin da suka biyo baya ba su soke gwajin karatun ba.

Gaggawa kuma ta yi masa illa. A Yulin 2010 ya soke shirin sake gina makarantu na fam biliyan 55, fiye da makarantu 700 suka rasa ginin da aka yi musu alkawari. Jerin sunayen da ya kai majalisa cike yake da kurakurai, wasu makarantun aka ce musu sun tsira alhali an soke nasu, sai da ya tashi ya ba da haƙuri. A 2011 babbar kotu ta ce rashin tuntuɓar ƙananan hukumomi shida da suka kai ƙara ya saɓa doka. Ga shi kuma ya laƙaba wa malaman jami'a da shugabannin ƙungiyoyin malamai masu adawa da shi sunan ba'a. A shafin jarida irin wannan yana sayar da sharhi. A ma'aikata kuwa mutanen da aka yi wa ba'ar su ne za su aiwatar da manufar. A 2013 manyan ƙungiyoyin malamai suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da manufofinsa, ana saura wata goma zaɓe Cameron ya ɗauke shi ya mayar da shi babban mai tsawatarwa na jam'iyya a majalisa.

## Shi da Musulmin Birtaniya

A 2006 ya wallafa littafi mai suna Celsius 7/7, inda ya ce bai kamata gwamnati ta tsaya kan masu tayar da bam kaɗai ba, ta yaƙi aƙidar siyasar Musulunci tun daga tushe ko da masu ita ba su ɗauki makami ba. Sau biyu wannan ra'ayi ya zama aikin gwamnati a hannunsa.

Na farko a 2014, lokacin da wata wasiƙa marar sa hannu ta yi zargin ana ƙulla makircin ƙwace wasu makarantun Birmingham. Da yawa na ganin wasiƙar ta bogi ce. Gove ya naɗa Peter Clarke, tsohon shugaban sashen yaƙi da ta'addanci na 'yan sandan Landan, ya yi bincike, zaɓin da ya ɓata wa mazauna unguwannin rai tun kafin a fara. An duba makarantu 21, aka sa biyar ƙarƙashin kulawa ta musamman. Rahoton bai samu ta'addanci ba, amma ya ce akwai haɗin baki wajen cusa tsauraran ra'ayin addini a makarantun da ba na addini ba. Iyaye da dama sun ce makarantun sun yi fice ne a unguwannin talakawa, aka shafa musu kashin kaji. A 2017 shari'ar ladabtarwa da aka yi wa manyan malamai biyar ta rushe, saboda lauyoyin gwamnati ba su miƙa wasu bayanan shaidu ba. Abin da ya rage shi ne wajabta wa kowace makaranta koyar da “ɗabi'un Birtaniya”.

Na biyu ranar 14 ga Maris 2024, ana tsakiyar zanga-zangar Gaza, da ya fitar da sabuwar ma'anar tsattsauran ra'ayi. A nan mutane da yawa suka ruɗe. Ba doka ba ce, ba ta haramta kowace ƙungiya ba, ba ta kai kowa gidan yari. Tasirinta shi ne ƙungiyar da aka sa wa tambarin ba za ta samu tallafin gwamnati ba, ministoci da ma'aikata ba za su zauna da ita ba. A zauren majalisa, inda ba a iya kai ɗan majalisa ƙarar ɓata suna, ya ambaci ƙungiyoyin Musulmi uku da na masu fifita farar fata biyu a matsayin waɗanda za a auna. Manyan limaman cocin Ingila biyu sun yi gargaɗin abin zai fi faɗa wa Musulmi, tsofaffin ministocin cikin gida uku na jam'iyyarsa kuma suka ja kunne kada a siyasantar da batun. Shi ya ce kuɗin jama'a ne yake karewa. Zaɓe ya zo kafin a fitar da jerin a hukumance.

## Ficewa daga Tarayyar Turai

A 2016 ya raba gari da Cameron, ya zama ɗaya daga jagororin masu neman ficewa, waɗanda suka ci ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yuni da kashi 51.9 cikin 100. Ya ce dokokin kamun kifi na Turai ne suka kashe kasuwancin mahaifinsa. Wata jarida ta tuntuɓi dattijon ya ce shi da kansa ya sayar, daga baya ya fitar da sanarwar mara wa ɗansa baya. A wata hira kuma ya ce jama'a sun gaji da masana, maganar da ta bi shi har yau.

Mako guda bayan ƙuri'ar, Cameron ya riga ya ce zai sauka, da safiyar ranar da Boris Johnson zai ƙaddamar da takarar shugabancin jam'iyya, Gove da ke jagorantar yaƙin neman zaɓensa ya ce Johnson bai cancanta ba, shi zai tsaya. Johnson ya janye, Gove ya zo na uku, Theresa May da ta yi nasara ta zama firaminista ta sallame shi daga gwamnati. A 2019 ma na uku ya zo, da ƙuri'a 75, Jeremy Hunt na da 77.

Sauran ma'aikatun a taƙaice: a ta shari'a ya soke takunkumin aika wa fursunoni littattafai, ya janye tayin kwangilar fam miliyan 5.9 ta horar da ma'aikatan gidajen yarin Saudiyya. A ta muhalli ya kawo dokar hana cinikin hauren giwa ta 2018, ya kuma fara sauya tallafin manoma daga biya bisa faɗin gona zuwa biya bisa kula da ƙasa da ruwa.

## Gidaje: abin da ya kai ga talaka da wanda ya maƙale

Daga 2021 zuwa 2024, ban da 'yan watannin da firaminista Johnson ya kore shi, shi ne ministan gidaje da ƙananan hukumomi. Bayan gobarar benen Grenfell ta 2017 da ta kashe mutum 72, an gano dubban benaye an lulluɓe su da kayan da ke cin wuta, ana kuma aika wa mazauna takardar kuɗin gyara. Gove ya kira kamfanonin gini ya ce ko su biya ko a hana su izinin sabon gini. Manyansu suka sa hannu kan gyaran da aka ƙiyasta zai kai fam biliyan 2. Haka ya yi da mutuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, wanda fumfunar ɗaki ta yi ajalinsa a Rochdale a 2020. Dokar da ke ɗauke da sunan yaron ta wajabta wa masu gidajen hayar jama'a su duba ƙorafin danshi da fumfuna cikin kwanakin aiki goma, na gaggawa kuma cikin awa 24. Duk inda akwai mai laifi guda da za a nuna da yatsa, salon ɗan jarida ya yi aiki.

Inda masu cin moriyar ke cikin jam'iyyarsa, abin ya cije. Ya yi alkawarin soke sashe na 21 na dokar gidaje, wanda a lokacin yake ba mai gida damar tayar da ɗan haya da sanarwar wata biyu ba tare da dalili ba. 'Yan majalisar Conservative, da yawansu masu gidajen haya, suka ja ƙafa har ƙudirin ya mutu da rusa majalisa a Mayun 2024. Gwamnatin Labour ce ta kammala irinsa a 2025. Ya kuma sha alwashin kawar da tsarin sayen gida na wa'adi, inda mutum zai sayi ɗaki na shekara 99 ko 125 amma filin na wani ne, yana biyansa kuɗin ƙasa duk shekara. Dokar da ta fito ta tsawaita wa'adin zuwa shekara 990, ba ta ƙayyade kuɗin ƙasar ba.

## Ƙofar da ke juyawa

A gaban kwamitin Leveson mai binciken halayyar jaridu a 2012, Gove na cikin ministocin da suka fi kare 'yancin jarida. Amma a 2011 an gano shi da mashawartansa suna aikin gwamnati ta akwatin imel na kashin kansu, sai da kwamishinan bayanai ya yanke cewa dokar 'yancin samun bayanai ta shafi irin waɗannan saƙonni. A 2021 wata kotu ta soki ofishin majalisar ministoci, lokacin yana ƙarƙashinsa, kan rufa-rufa game da sashen da ke tace buƙatun bayanai, har da na 'yan jarida. A Janairun 2017, yana ɗan majalisa kuma marubuci a The Times, ya yi hira da Donald Trump a New York. Daga baya jaridar Financial Times ta ruwaito cewa mai jaridar, Rupert Murdoch, na cikin ɗakin, abin da ba a faɗa wa masu karatu ba.

A lokacin da Gove ya sauka, ƙa'idar barin aiki ita ce tsohon minista ya nemi shawarar wani kwamiti kafin ya karɓi aiki cikin shekara biyu. Kwamitin kan ce a jira wata uku, kada kuma a yi kamun ƙafa a gwamnati. Gove ya bi wannan mataki. Sai dai kwamitin kare ne marar haƙori: a 2023 Johnson ya sanar da shi aikin da ya karɓa a Daily Mail saura rabin awa a bayyana, ba abin da ya same shi. A 2025 aka rusa kwamitin aka raba aikinsa ga wasu hukumomi.

Wanda ya ɗauki Gove aiki ma ba baƙo ba ne. Paul Marshall, attajirin da ya sayi mujallar kan fam miliyan 100 a Satumbar 2024, yana da hannun jari a tashar GB News, ya shugabanci wata ƙungiyar makarantun academy, ya zauna a hukumar gudanarwar ma'aikatar ilimi tun zamanin Gove, ya kuma ba yaƙin ficewa daga Turai gudummawa.

Masu kare wannan shiga da fita na cewa mujallar ra'ayi ce da kowa ya san inda ta dosa, kuma editan da ya san yadda ake ƙulla shawara a gwamnati ya fi iya gano inda ake ƙarya. Masu adawa na tambayar wa zai binciki shekara 14 na mulkin Conservative idan edita na cikin waɗanda suka yi mulkin, da kuma yadda mai kaɗa ƙuri'a kan dokar kafafen yaɗa labarai zai kasance ma'aikacin mai irin wannan kafar.

Ga 'yan Najeriya akwai zare guda da ya haɗa su da batun. Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas ta kuma zama shugabar Conservative ranar 2 ga Nuwamban 2024, ta taɓa aiki a The Spectator, ta yi ƙaramar minista ƙarƙashin Gove, shi ne kuma babban ɗan jam'iyyar da ya fito ya mara mata baya a takararta ta 2022. Jam'iyyar ta koma kujeru 121 a zaɓen 2024, har Surrey Heath ta suɓuce mata, kuma muhawarar da ta fi zafi a cikinta ita ce ta baƙin haure da biza. Matakan farkon 2024, na hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi kai iyalansu, da ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru zuwa fam 38,700, sun taɓa 'yan Najeriya sosai. Ko jam'iyyar za ta ƙara tsaurara su a alkawuranta na zaɓe mai zuwa, shafukan da Gove ke tacewa na cikin wuraren da ake fafata wannan gardama.